Baƙi Uku a Gonar Dechamma

Duk wanda ya san Dechamma a tuddan Kodagu ya san abu biyu game da ita: gahawarta ba ta taɓa yin fumfuna ba, kuma ba a taɓa fita daga gidanta da sauran wuri a ciki ba. Na farkon ana yaba mata. Na biyun kuwa har tsoronsa ake ji. Mai kawo wasiƙa ma in ya hango ta a baranda sai ya maƙale wasiƙar a ƙofar shinge ya ƙara wa babur wuta, don ya san in ya kuskura ya shiga sai ya ci gurasar shinkafa uku kafin a sake shi.

Shekara bakwai ke nan da rasuwar mijinta Somaiah, tsohon soja, kuma tun daga lokacin ita kaɗai ke riƙe da gonar, eka goma sha biyu na gahawa a inuwar dogayen itatuwan da masoro ya nannaɗe. 'Yarta ɗaya ce, Neelu, tana aikin ofis a Bengaluru, tana zuwa sau biyu a shekara da tsarabar da babu mai buƙata. Sai bana, ana saura wata biyu a fara tsinka, ta sauko daga bas da akwatuna uku da sabuwar dabara. Ta ce mutanen birni yanzu gona suke nema su sauka, su kwana, su tsinki gahawa da hannunsu, su shanya, su soya, su sha. Za ta gyara ɗakuna biyu na baya. Ta ɗauki hutu a wurin aiki har ƙarshen tsinka.

"In zaman ya karɓe ni, na dawo ke nan, Avva. In bai yi ba, kujerata na can tana jirana." Avva take ce mata, wato inna.

Dechamma ta ce to, ta ci gaba da kankare kwakwa kamar an gaya mata farashin gishiri. Amma a ranta babu abin da take so a duniya kamar 'yar nan ta zauna. Gidan ya yi mata girma. Ta gaji da dafa shinkafar mutum ɗaya, ta gaji da yi wa kare hira. Don haka ta ƙudurta cewa baƙin farko da za su taka gidan nan, sai sun koma garinsu suna ba da labari har jikokinsu su gaji da ji. Zancen wai baƙo ya yi aiki kuwa, ta ɗauke shi irin maganar da 'yan birni ke rubutawa don ta yi daɗin karantawa. Wa ya taɓa miƙa wa baƙo kwando?

A farkon watan Janairu baƙin suka iso, mata da miji daga Pune, za su yi kwana shida. Matar, Vasanti, gajera ce mai furfura a daddatse, ta yi shekara talatin da huɗu tana jinyar marasa lafiya a asibiti kafin ta yi ritaya. Mijin, Dinkar, dogo ne siriri, tsohon mai duba tikiti a jirgin ƙasa. Tun kafin ya zauna ya buɗe jaka ya nuna wa Dechamma takalman roba sababbi fil da malafa biyu, ya ce shekara arba'in da biyar yana shan gahawa kowace safiya bai taɓa ganin bishiyarta ba, ya zo ne ya biya ta bashin gaisuwa. Dechamma ta yi zaman bariki a Pune ɗin ma lokacin da Somaiah ke soja, tana da yaren Hindin da ya ishe ta ta ce wa mutum ya ƙara abinci, kuma da shi ta fara.

Ranar farko ta ce gajiyar hanya ba a wasa da ita, su huta. Suka huta. Rana ta biyu Dinkar ya fito tun da sassafe cikin takalmansa yana tambayar ina masu tsinka. Ai kuwa tun da duku-duku Dechamma ta tura Gauri, shugabar matan da ke mata tsinka, da mutanenta can ƙetaren rafi, inda ko muryarsu ba a ji. Ta gaya wa Dinkar cewa an ga kashin giwa a hanyar. Ba ƙarya ta yi ba, an gani, sai dai na watan jiya ne, ya bushe har ciyawa ta tsiro a kai. Ta zaunar da su a baranda ta kawo gahawa da mazarƙwaila, ta bi da dunƙulen shinkafa da miyar tsiron gora, ta bi da ayaba, kafin su gama numfashi azahar ta yi an sake jera kwanuka.

Da la'asar ta kama Dinkar ya samo tsintsiya yana share ganye a tsakar gida, a ɓoye, kamar mai satar kaza. Ta fizge tsintsiyar. Hanyar ƙauye ta gaban gidan take bi, in wani ya wuce ya ga baƙo da tsintsiya, kafin faɗuwar rana duk dangin Somaiah sun ji cewa matar ɗan'uwansu ta lalace har tana sa baƙi shara. Dinkar ya koma kujerarsa ya ɗora malafar a gwiwa yana kallon gonar daga nesa.

Neelu ta same ta a kicin ta yi mata magana a hankali, cewa mutanen nan aikin suka zo yi, shi aka yi musu alkawari. Tana maganar ta miƙa hannu za ta sauke tukunya, uwar ta riga ta, ta ce za ta ƙone. Ta ɗauki wuƙa za ta yanka albasa, uwar ta karɓe, ta ce idonta zai yi ja a gaban baƙi, ta je ta zauna da su kada su ji kaɗaici. Neelu ta goge hannunta da bai taɓa komai ba, ta fita.

Duk da haka maganar ta ɗan shiga. A rana ta uku Dechamma ta fito da ƙananan kwanduna biyu masu kyau, waɗanda ake zuba furanni a ciki ranar biki, ta kai baƙin bishiyoyin bayan kicin, inda ƙasa take a shimfiɗe kuma ta sa an share tun jiya. Dinkar ya faɗa wa reshen farko kamar mai tatsar saniya. Ya zuge shi tun daga gindi har baki, jajaye da ɗanyu da ganye, har da ƙananan idanun da ke maƙale a gaɓoɓin reshe, waɗanda su ne furen baɗi. Dechamma ta ji abin har cikin haƙoranta. Amma ta yi murmushi ta ce kai, kamar a gona aka haife shi. Bayan rabin sa'a ta ce rana ta yi zafi, ta karɓe kwandunan, ta kora su inuwa.

Da suka shiga ɗaki bayan abincin rana, ta zagaya bayan rumbu ta juye kwandunan a kan buhu, ta tsuguna tana fitar da ɗanyun daga cikin nunannun. Ɗanye in ya bi nunanne zuwa shanya yakan ɓata ɗanɗanon buhu guda, kuma ita ba a taɓa dawo mata da buhu ba. Tana cikin haka inuwa ta rufe ta. Ta ɗaga kai ta ga Vasanti tsaye, hannu a ƙugu.

Vasanti ba ta nemi izini ba, ta tattara zaninta ta tsuguna, ta kalli tulin kore a gefe ɗaya da ɗan jan da ya rage a ɗaya gefen.

"Wannan duk ɓarnar mijina ce, Akka?" Haka ake kiran yaya mace a can.

Dechamma ta ce a'a, ai ya yi ƙoƙari ƙwarai, bana ce gahawar ba ta nuna tare ba.

"Akka, na yi shekara talatin da huɗu a asibiti. In kika ji likita yana ce wa majinyaci komai ya yi kyau, ci abin da kake so, to an cire rai da shi ne. Wanda ake sa ran zai tashi, faɗa ake yi masa." Ta ɗauki ƙwaya ɗaya kore ta jujjuya. "Abincinki ban taɓa cin irinsa ba, kuma ba na jin zan sake. Amma gobe da yamma za mu tafi. Dinkar ba zai iya faɗa miki ba, kunyarki yake ji. Zama a kujera muna da shi a gida, shi muka gudo wa."

Dechamma ta ƙirga: kwana uku cikin shida. Ta hango Neelu tana naɗe kaya, ta hango bas ɗin safe. Ta fara rantse-rantse cewa gobe za ta yanka kaza, za ta sa a kai su ganin inda ruwa ke zubowa daga dutse. Vasanti ta bar ta ta gama, sannan ta yi tambaya da muryar da ake tambayar majinyaci inda ke masa ciwo.

"Ita ɗayar baƙuwar taki, kwana nawa ta kama?"

Dechamma ta ce babu wata baƙuwa, su biyu ne kawai.

"Mu uku ne a barandar nan. Tun da na zo nake lura. Ta ɗauki tukunya kin karɓe, ta ɗauki guga kin karɓe, jiya ta tambaye ki makullin rumbu kin ce ƙura za ta sa ta tari. Ni dai na san ranar tafiyata. Ita ma ina jin ta san tata."

Ta miƙe ta kakkaɓe zaninta ta tafi, ta bar Dechamma da kore a hannu.

Da farko haushi ne ya zo, don gaskiya ɗaci gare ta, balle daga bakin wadda ta ci abincinka sau goma sha biyar. Me matar Pune ta sani? Dechamma ta shigo gidan nan tana da shekara goma sha tara, uwar mijinta ta miƙa mata manjagara tun lallen biki bai goge ba. Ruwan 'ya'yan gahawa ya rina mata tafin hannu, rana ta gasa mata ƙeya, kuma ranar da aka haifi Neelu ta yi wa kanta alkawari cewa hannun yarinyar nan ba zai zama irin nata ba. Neelu tana da shekara goma aka kai ta makarantar kwana. In ta zo hutu, sabon zanin gado, abincin da ta fi so, barci har rana ta take. Wannan ƙauna ce, kowa ya sani.

Ta zagayo ta gefen gida da buhun a hannu, sai ta tsaya. Ga su can a baranda, kujera uku a jere. Dinkar yana gyangyaɗi, Vasanti tana duba wani littafi, Neelu kuma ta zauna a bakin kujera, ƙafafu a haɗe, hannuwa a cinya, irin zaman wanda ya zo gidan mutane yana jiran a ce masa ga ruwa. A gidan ubanta. Dechamma ta daɗe tana kallonta, haushin ya zube, kunya da tausayi suka maye wurinsa. Ashe wata biyu tana ta neman abin da zai riƙe yarinyar, alhali ita ce kullum take raka ta bakin ƙofa da ladabi.

Washegari babu wanda aka kai wa gahawa ɗaki. Gari na wayewa Dechamma ta kunna fitilar tsakar gida ta yi addu'arta, sannan ta bi ƙofofi uku da bugu. Ta ce gahawa na kan murhu, mai so ya zuba da kansa, kuma duk wanda bai fito ba kafin Gauri ta iso, a bar shi da kujerarsa. Dinkar ya fito da takalmi ɗaya a ƙafa, ɗaya a hannu.

Ta ba su buhunan gaske, na ɗaurawa a ƙugu, ta tasa su gaba har ƙetaren rafi, inda gangaren yake da santsi kuma raɓa ke jiƙa mutum har wuya. Da Dinkar ya kai hannu zai zuge reshe, ta buge masa hannu kafin ta tuna ko shi wane ne.

"Ba tikiti kake yagewa ba, yaya Dinkar. Ja kaɗai. Ka murza da yatsa biyu, ka bar mata idonta. Jiya ka cinye mini furen reshe tara, na ƙirga."

Matan tsinka suka kalli juna, don ba su taɓa jin an yi wa baƙo haka a gonar nan ba. Dinkar kuwa fuskarsa ta washe kamar an ba shi lambar girma. Ya ce a sake nuna masa. Gauri ta nuna masa, ta ƙara da cewa a yadda yake tafiya, in ya dage, zai cika buhu kafin bikin shekara mai zuwa. Aka fassara masa, ya yi dariya har malafarsa ta faɗi. Can jajayen tururuwan da ke ɗinke ganye su yi gida suka zubo masa a wuya, ya yi wata rawa da babu makaɗin da ya san kiɗanta, matan suka riƙe ciki. Vasanti ta cire masa su ɗaya bayan ɗaya tana ce masa ai shi ya ce yana son gaisawa da bishiya, ga 'yan gidan sun amsa. Ita hannunta ya faɗa da wuri, hannun da ya saba neman jijiya. Kafin rana ta take, ta daina kallon yatsunta, tana tsinka suna hira da Gauri, kowace da harshenta, kuma ga alama suna fahimtar juna. Babu wanda ya sake ta da zancen tafiya da yamma.

Neelu tana can layi na uku, shiru, gumi na bin fuskarta, ƙaya ta karce ta a hannu. Sau biyu ƙafar Dechamma ta ɗauke ta za ta je ta karɓi buhun, sau biyu tana komowa. Bai zo mata da sauƙi ba.

Da azahar aka kwaso abin da aka tsinka zuwa filin shanya. Filin siminti ne mai faɗi a gaban rumbu, kuma kowace rana da nata wurin: na yau ja jawur a bakin filin, na jiya ya fara duhu, har zuwa na kwana takwas a can ƙarshe, baƙi, wanda in ka girgiza shi a tafin hannu za ka ji ƙwayar na ƙara a ciki. Dechamma ta miƙa wa Neelu manjagara ta ce ta baza na yau, ita za ta leƙa wuta. Ba ta yi mata bayani ba. A ganinta duk wanda aka haifa a gidan nan ya san wannan kamar yadda ya san hanyar rijiya, ta manta cewa ita ce ta hana a sani.

Da Dechamma ta fito, sai ta tarar Neelu ta ga wuri a ƙarshen filin inda rana ta fi bugawa, ta juye buhu biyu na ɗanyen tsinka a kan na kwana takwas, tana ta gauraya su da manjagara, tsaf, da kyau, kamar mai haɗa fura.

Dechamma ba ta san lokacin da muryarta ta fita ba. Ta tambaye ta ko idonta na ado ne, ba ta ga wannan baƙi wancan ja ba? Jiƙaƙƙe a kan busasshe, kwana takwas na rana a banza, fumfuna za ta bi duka. Ta ce ko akuyar gidan nan ta san ba a haka. Ta ce ubanta ma da ya yi rabin rayuwarsa a bariki bai taɓa wannan wautar ba, ga ta da digiri biyu. Ta faɗi wasu abubuwan da uwar mijinta ta faɗa mata shekara arba'in da suka wuce, kalma da kalma, waɗanda ta ɗauka ta manta da su. Gauri da matanta suka sunkuyar da kai, Dinkar ya shiga duba cikin malafarsa.

Sai tsoro ya kama ta. Rabon da ta ɗaga wa yarinyar nan murya tun tana 'yar shekara tara. Neelu na tsaye da manjagara, idanunta sun kawo ruwa, kuma Dechamma ta tabbata ta gama kora ta da bakinta.

Neelu ta jingina manjagarar da bango. Ta cire takalmanta, ta tsuguna a tsakiyar ɓarnar, ta fara tsince jajayen ɗaya bayan ɗaya tana jefawa a kwando. Vasanti ta tsuguna a gefenta, Dinkar ya naɗe dogayen ƙafafunsa da ƙyar ya bi sahu. Daga ƙarshe Dechamma ma ta sauka. Simintin na da zafi, ƙamshin gahawar da ke bushewa ya cika wurin, mai zaƙi-zaƙi da ɗan tsami, kuma aka daɗe ba a jin komai sai ƙarar ƙwaya na faɗawa kwando. Dinkar ne ya fara waƙar wani tsohon fim a hankali, matarsa ta ce ya rufa wa mutane asiri.

Sun ci rabin aikin Neelu ta yi magana, ba tare da ta ɗago ba. Ta tambayi abin da ake yi bayan an gama tsinka. Uwar ta ce sassabe rassa, sannan a jira ruwan saman da ke sa fure, sannan taki, sannan rage inuwa kafin damina, kowanne da lokacinsa da yadda ake gane shi.

"Ke shekara nawa kika yi kafin kika iya duka?"

"Goma sha biyu. Kakarki kuma har ta mutu ba ta yarda na iya ba."

Neelu ta share hanci da bayan hannu, hannun ya yi jawur da ruwan gahawa, ya bar mata shaida a kumatu.

"To sai ki tanadi murya, Avva, don ni na fi ki taurin kai. Sha biyu ba za su ishe ni ba."

Dechamma ta ji maganar ta sauka har ƙasan zuciyarta, daɗi ya cika ta har ta rasa inda za ta sa idonta. Ta sa shi a kwandon 'yarta, ta tsamo baƙaƙe guda biyu da suka bi jajaye, ta ɗora mata a tafin hannu, ta ce ta buɗe ido, rana ba jiransu take yi ba.